Buhun da Na Kawo da Rana Tsaka

Shekara ashirin matata tana yin cefanen gidanmu ban taɓa tambayarta yadda take yi ba. Sai da kamfanin da nake wa aiki ya rufe, na samu lokaci, sannan na fara tambaya. Namiji mai digiri da lokaci a hannu, a cikin ɗaki biyu, ba ƙaramar jarrabawa ba ce ga mace.

Mu biyar ne a gidan, a Chawama, nan Lusaka: ni da ita, da babbar 'yarmu Kaluba, da ƙannenta mata biyu 'yan firamare. Kowace Asabar ina kawo kwacha ɗari huɗu daga lesin ɗin da nake yi wa yara masu shirin jarrabawa, in miƙa wa Bana Kaluba, kamar yadda kowa yake kiran matar tawa da sunan 'yar farinmu. Ita kuma sai ta raba kuɗin gida bakwai, kullum da safe ta fita da kaso ɗaya. Ta sayo pamela biyu, wato garin masaran nan da ake ƙullawa a leda daidai tukunya ɗaya, da man girki ƙulli ɗaya wanda bai fi babban yatsa ba, da gawayi, da ganyen kabewa ko kabeji. Sau biyu a mako akwai kapenta, busassun ƙananan kifaye da take zubawa a miya da hankali irin na mai haɗa magani. Nama kuwa gaisawa muke yi da shi a hanya.

Kaluba shekararta goma sha tara, tana wata na uku a kan maganin tarin fuka, saura wata uku. Nas ɗin asibitin unguwa ta faɗa mana tun ranar farko, ta kuma maimaita mini ni kaɗai don ta ga alamar ni ne mai gardama a gidan: duk wanda ya bar maganin nan a tsakiya ciwon zai dawo, kuma in ya dawo ba ya jin maganin farko. Matsalar ita ce ƙwayoyin maganin ba su da imani in suka tarar da ciki babu komai. In Kaluba ta sha su ba ta samu abinci ba jim kaɗan, sai jiri, sai rawar jiki, sai amai. Saboda haka kullum da safe uwarta tana dama mata kunu mai kauri na garin waken soya, wanda ta ce mini ƙanwarta ce take aikowa. Muddin akwai wannan kunun da nshima, wato tuwon masara, sau biyu a yini, yarinyar tana shan maganinta ba musu.

Wata ranar Juma'a na zauna na yi lissafi a bayan takardar wani ɗalibi. Ba lissafi ne mai wuya ba. Garin da muke saye ƙulli-ƙulli, in aka tara shi ya cika buhu, kuɗinsa ya kusa ninka na buhun. Wato shekara da shekaru matata tana biyan kuɗin leda da ladan ƙulli. Buhu mai kilo ashirin da biyar kwacha ɗari biyu da tamanin ne, kuma zai kai mu kusan mako uku. Makon farko za mu matse, mu ci da ganye zalla. Na biyu da na uku kuɗin gari ya zama rara, a saya wa Kaluba ƙwai da madara.

Na yi wa Bana Kaluba bayani a tsanake, har da zana layi biyu a takardar. Tana tsince ganye tana saurare. Da na gama ta ce ba a sayen buhu a layinmu. Na tambaye ta doka ce ko camfi. Ta ce in dai dole sai na saya, to in sa a rarraba mini shi a ƙananan ledoji tun a kasuwa, in riƙa shigowa da shi kaɗan-kaɗan a jakar littattafaina. Na ce ni ba sato shi zan yi ba, balle in shigo da abincin gidana kamar ɗan fasa-ƙwauri. Na ƙara da wasu maganganu a kan yadda talauci yake hana mutum hangen nesa, waɗanda na taɓa karantawa a wani wuri, kuma a lokacin sun yi mini daɗin faɗa.

"To, Bashi Kaluba," ta ce, wato baban Kaluba. "Kai ne ka yi makaranta."

Bayan shekara ashirin da aure ya kamata a ce na san inda wannan maganar ta dosa. Na ɗauke ta a matsayin amincewa.

Ranar Asabar ina karɓar kuɗin lesin na wuce kasuwa, na sayi buhun, na ɗauki mai baro. Muka shigo unguwa da rana tsaka, yana gaba ina biye, na goya hannuwana a baya kamar mai duba aiki. Layinmu mota ba ta shiga, kuma dole sai an bi ta gaban famfo, inda ko da yaushe ba a rasa mata goma da bokitai suna jira. Ban taɓa samun gaisuwa irin ta ranar ba. Matan da suka shekara ba su ɗaga kai sun dube ni ba suka tambayi lafiyata da ta yara, idonsu a kan baro.

Amai Jere, maƙwabciyarmu da bango ɗaya ya raba mu, ita ta faɗi abin da yake ran kowa. Ita 'yar ƙabilar Ngoni ce, mu Bemba, abokan wasa ke nan tun kaka da kakanni, suna ce mana maciya biri muna ce musu maciya ɓera, duk abin da ta faɗa mini ba ni da ikon yin fushi.

"Farfesa mai cin biri, an mayar da kai aiki ne, ko ka tono inda kakanka ya binne kuɗi?"

Na ce mata ta koma gona ta haƙo ɓerayenta na miya, ta bar masu tsari su wuce. Aka yi dariya. Na ji daɗi har na ƙara wa mai baro kwacha biyu.

Kofin farko ya iso kafin rana ta faɗi. Matar mai gyaran takalmi ce, ta ce a ara mata gari kofi biyu zuwa ƙarshen wata. A layinmu ba a roƙo, aro ake yi, kuma ba a faɗin ƙarshen wane wata ake nufi. Bana Kaluba ta ɗebo ta ba ta, ba ta dube ni ba. Lahadi bayan an taso daga coci sai suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da kwanonta a ƙarƙashin zani, kowacce sai ta fara tambayar jikin Kaluba. Da aka kai ta shida na ja matata gefe na ce ta riƙa cewa ya ƙare. Ta ce buhun ga shi nan jingine a bayan ƙofa ana hangensa daga waje, kuma rabin unguwa ne suka rako shi. Sannan ta jero mini su: wannan ita ta kwana da Kaluba a asibiti makon farko, waccan a wurinta muke ɗibar wuta, matar mai takalmi ita take kama mana layin famfo. Ta ce mai pamela ba a zuwa masa aro, don kowa ya san ƙulli ɗaya tukunya ɗaya ne, babu abin ragewa a ciki. Na ce me ya hana ta faɗa mini haka tun ranar Juma'a. Ta ce ta faɗa, ba ta dai zana mini layi ba ne.

Duk da haka ranar Lahadin mun ci mun ƙoshi. An tuƙa nshima ba tare da an auna gari da tsoro ba. Kaluba ta ci malmala biyu ta nemi ƙari, da yamma har ta zauna a bakin ƙofa ta yi wa ƙannenta kitso. Na duba buhun, abin da aka taɓa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mako biyu da 'yan kwanaki ke nan. Har yanzu ni ne da gaskiya, sai dai gaskiyar ta ɗan rage kauri.

Litinin da sassafe kuka ya tashi gida na uku daga namu. Bashikulu Kapambwe ne ya cika, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Mutumin kirki ne, bai taɓa yi mini laifi ba sai wannan mutuwar da ya yi a makon da bai dace ba. Kafin hantsi an fito da kujeru da gado waje, an ɗaura tamfol, maza sun zauna a tsakiyar layi, mata sun cika ɗaki. Aka ce sai 'yan'uwansa sun iso daga Kasama za a binne shi, wato Laraba. Kwana uku ke nan ana ciyar da duk wanda ya zo ya zauna, kuma a Chawama makoki ba ya rasa masu zama, musamman a tsakiyar wata.

Marigayin Bemba ne. In Bemba ya mutu, gidan makoki na Ngoni ne. Su ne masu girki, su ne masu haƙa kabari, su ne masu tsokanar dangin mamaci har su manta su yi dariya, kuma su ne masu nemo abin da za a ci daga gidajen Bemba, da izini ko babu. Mu ma haka muke yi musu. Bara da mijin Amai Jere ya rasu, ni da kaina na kama zakaran ƙaninsa na kai wa masu girki, ina tafe ina waƙa. Na tuna da wannan ne daidai lokacin da na ga Bana Kaluba ta yar da tsintsiya ta faɗa ɗaki, ta hau ɗibar gari da hannu biyu tana zubawa a tukunya. Ta samu ta cika ƙaramar tukunya ɗaya ta tura ƙarƙashin gado kafin waƙarsu ta iso bakin ƙofa.

Su huɗu ne. Amai Jere tana gaba, ta sa tsohuwar kwat ta maza a kan zani, tana riƙe da muciya kamar sandar mulki. Ba su nemi izinin shiga ba, don ranar ba su da buƙatarsa. Kai tsaye suka nufi bayan ƙofa.

"Kakanka ya mutu, kai kana nan kwance a kan buhu kamar kaza a kan ƙwai. Matsa, Farfesa. Birai sun cika layi suna jiran abinci."

Na tsaya tsakaninta da buhun. Na yi ƙoƙarin mayar da wasan, na ce dama ɓera ba ya ƙwanƙwasa ƙofa in zai shiga rumbu. Suka yi shewa. Sannan na rage murya na ce, Amai, kin san akwai mara lafiya a gidan nan.

Ta dube ni, ta ajiye wasan na ɗan lokaci. Ta ce ta sani. Ta ce mutum sittin ne zaune a can, matar tsohon ba ta da ko ƙulli ɗaya, kuma duk layin babu gidan Bemba mai buhu sai nawa, kowa ya gani. In ta koma hannu rabbana ba ita za a zaga ba, ni za a zaga, kuma ranar da aka yi rashi a gidana, Allah ya kiyaye, za a tuna. Ba ta kalli ɗakin da Kaluba take kwance ba lokacin da ta faɗi haka, kuma na ga ƙoƙarin da ta yi don kada ta kalla. Ta yi alkawari ita da kanta za ta riƙa kawo wa yarinyar kwanonta safe da yamma.

Na matsa. Mata biyu suka ɗaga buhun. Kafin su fita Amai Jere ta zura hannu ta damƙo gari, ta shafe mini fuska tun daga goshi har haɓa, ta zuba sauran a kaina, kamar yadda ake yi wa kowane Bemba a irin wannan rana. Ta ce ba zan wanke ba sai na biya tara. Na ba ta kwacha ashirin daga kuɗin miya da gawayi. Na yi dariya, don dariya ake yi a wurin. Garin da ya zubo daga fuskata zuwa ƙasa zai yi kunun mutum ɗaya. Na san haka don na tsaya ina kallonsa har Bana Kaluba ta zo ta share.

Kwana uku muka ci a gidan makoki, mu huɗu. Ba zan yi ƙarya ba, girkin ya yi daɗi, Ngoni sun iya tuƙi. Akwai wake, akwai kabeji, ranar Talata har da ƙafafun kaji. Na zauna cikin maza a ƙarƙashin tamfol ina cin garina, ina godiya in an miƙo mini. Hirar duk ta tsadar abinci ce, kuma duk wanda ya yi magana sai ya juyo ya nemi ra'ayina, a matsayina na wanda ya gano mafita. Da farantin kuɗin akwatin gawa ya zagayo, idon kowa yana kaina, na sa hamsin. Mai buhu ba ya sa biyar.

Kaluba ba ta zuwa, saboda tarin. Amai Jere ta cika alkawari Litinin da Talata. Laraba, ranar binnewa, mutanen Kasama suka iso mota biyu, aka tafi maƙabarta tun safe, aka dawo da yunwar mutum ɗari da hamsin, kwanon Kaluba ya ɓace a cikin hayaniya. Ba na ganin laifinta. Da yamma, da ake godiya ga waɗanda suka taimaka, babban ɗan marigayin ya miƙe ya kira sunana, ya ce Bashi Kaluba ya ba da buhun gari guda ba tare da an roƙe shi ba. Aka tafa. Wani dattijo ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce irinmu sun yi ƙaranci a zamanin nan.

Alhamis aka kwance tamfol. Tukunyar ƙarƙashin gado ta kusa ƙarewa, garin soya ya ƙare tun jiya kamar yadda yake yi kowane mako, kuɗin da ya rage a gidan ba zai sayi gawayi da ganye a tare ba. Bana Kaluba ta dama kunu da abin da ke tukunyar, ta ba Kaluba mai kaurin, ƙananan suka tafi makaranta da mai ruwan. Na lura tun safe take leƙen hanya.

Da hantsi Ba Hamweemba ta zo, shugabar matan zumunta na cocinmu, da farar rigarsu da ɗankwali, ba ta riƙe da komai sai littafin addu'a. Matata ta dubi hannayenta, sannan ta ba ta kujera. Aka yi addu'a mai tsawo. Da ta fara magana, da ni take yi amma matata take kallo. Ta ce kamar yadda na sani, matan zumunta suna raba garin soya da wake kowace Alhamis ga gidaje goma sha biyu masu majinyata, kuma Kaluba tana ciki tun watan farko. Ban sani ba. Na dubi Bana Kaluba, kanta yana ƙasa. Ashe wannan ce ƙanwar da take aiko da gari. Ta gwammace ta ƙirƙiro mini ƙanwa mai kyauta da ta gaya mini sunan 'yata yana cikin jerin mabuƙata na coci.

Ba Hamweemba ta ci gaba. Gidaje talatin ne suke jiran a sa su. Jiya bayan binnewa an yi zama, an yi magana, kuma maganar ba ta yi daɗi ba. Ana cewa ta yaya gidan da yake sayen buhu a tashi ɗaya, har ya kyautar da shi a gaban jama'a, zai ci gaba da karɓar rabon marasa galihu. An mayar da kason Kaluba gidan wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, biyu a cikinsu suna tari.

Na yi mata bayani. Na faɗa mata farashin ƙulli da farashin buhu, da mako uku, da ƙwai da madara, da yadda buhun ya fita daga gidan. Ban taɓa yin bayani mai tsabta irin wannan ba, ko a gaban malamaina na jami'a. Ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai.

"Ni na yarda da kai, Bashi Kaluba. Amma ni kaɗai na ji wannan. Baron kuwa kowa ya gani."

Ta ce za a sake duba jerin bayan Kirsimeti. Muna tsakiyar Satumba. Ta shiga ta dafa kan Kaluba ta yi mata addu'a, ta tafi.

Ban ce wa matata komai a kan ƙanwarta ba, ita ma ba ta ce mini komai a kan buhu ba. Da yamma ta zaga gidajen waɗanda suka ara, ta dawo da kofi ɗaya da gaisuwa biyar. Makokin ya taɓa kowa. Kofin shi muka ci, mu biyar.

Juma'a da safe babu komai sai ruwan zafi da sukari cokali ɗaya. Kaluba ta haɗiye ƙwayoyin da shi. Ba a yi rabin awa ba na ji ta a bayan gida. Na je na riƙe mata kafaɗu, na ji ƙasusuwan da rigarta take ɓoyewa. Da ta gama ta kurkure baki, ta zauna a kan dutse ta jingina da bango, ta kira ni yadda 'ya'yan Bemba suke kiran uba.

"Ba Tata, gobe ba zan sha ba. Kada ku ɓata bakinku."

Ba da fushi ta faɗa ba. Na ce gobe Asabar ce, kuɗi za su shigo. Ta ce da rana suke shigowa, maganin da safe ake sha, kuma ta ji abin da Ba Hamweemba ta faɗa, bangon ba shi da kauri.

Bana Kaluba ta ɗaura zani ta fita ba ta ce ga inda za ta ba. Ta dawo rana ta take, da magana a shirye. Wani ɗan kawunta direban motar gawayi zai koma Serenje gobe da safe babu kaya, ya yarda zai ɗauki Kaluba kyauta ya sauke ta a ƙauyensu, wajen kakarta. Can akwai rogo, akwai gyaɗa da dankali, akwai akuya mai shayarwa.

Na ce asibiti fa. Ta ce akwai asibiti. Na ce na san ƙauyen nan, da ƙafa na shiga neman aurenki, tafiyar rabin yini ce zuwa asibitin in rafi bai cika ba. Ta ce a nan asibiti yana bayan layinmu, ga yarinyar nan tana aman maganinsa. Na ce daga gobe komai zai koma yadda yake. Ta ce ba zai koma ba. Ɗari huɗun gobe ita ce dai ɗari huɗun da, a da ma sai da garin Alhamis take kaiwa, kuma yanzu mu gidan masu buhu ne, kofuna ba za su daina zuwa ba don buhun ya tafi.

"Zaɓi ɗaya," ta ce. "Inda akwai magani babu abinci, ko inda akwai abinci a je a nemo magani."

Na buɗe baki zan ce bari in yi lissafi, sai na rufe.

Da yamma muka kai ta asibiti. Nas ta ɗora ta a sikeli, ta duba kati, ta dube ni. Ta rubuta takardar canjin asibiti, ta ƙirga ƙwayoyin wata ɗaya ta zuba a leda. Ta tambaya ko asibitin can yana da nisa da gida. Na ce babu nisa sosai. Matata ta ce rabin yini. Nas ɗin ta juya ga Kaluba ta ce mata, ranar da ƙwayoyin suka rage na kwana bakwai ta tashi ta kama hanya, ko da wa ya ce ta bari sai gobe.

Asabar da sassafe muka raka ta bakin titi. Amai Jere ta biyo mu da dafaffen dankali ƙulle a tsumma, ta miƙa wa Kaluba, ba ta kira kowa biri ba. Yarinyar ta ci ɗaya a tsaye, ta haɗiye ƙwayoyin ranar a gabanmu don mu gani. Direban ya share mata wuri a gaba. Ta leƙo ta taga ta ce kada a bar ƙannenta su taɓa mata littattafai, don za ta dawo ta sake jarrabawa. Motar ta tashi ta bar mu da baƙar ƙura a ido, abin da ya yi mana amfani mu duka.

Da muka koma mu huɗu, ɗari huɗun ta ɗan saki jiki. Kapenta ta koma sau uku a mako. Ƙananan suka daina tambayar ko akwai ƙari, don wani lokacin akwai. Ba wanda ya faɗi dalili a wajen cin abinci.

Ƙauyen babu waya sai ta wani malamin firamare, shi ma sai ya hau tudu. Bayan mako shida ya kira, ya miƙa wa tsohuwar, kakar Kaluba. Tana magana da ƙarfi kamar mai kiran wani daga ƙetaren rafi, kuma da ka ji ka san murna take yi. Kaluba ta yi ƙiba, kumatu sun fito, tari ya tsaya cak. Ita take ɗebo ruwa, ita take daka. Ta ce mu mutanen birni yunwa muke kira ciwo.

Na tambayi ƙwayoyin. Ta ce sun ƙare kwana goma sha biyu da suka wuce, ta shanye su tas ba ta bar ko ɗaya ba. Na tambaya ko an je asibiti an karɓo wasu. Tsohuwar ta yi dariya. Ta ce ruwa ya sauka, rafi ya kawo, kowa yana shuka. Wa zai bar gona ya yi tafiyar rabin yini don ya kai mai lafiya asibiti? Kaluba ta yi maganar sau biyu, ita kuma ta ce mata ta bari a gama shuka. Na ce a ba ni yarinyar. Ta ce tana gona. Na fara bayani a kan wata shida da ciwon da ba ya jin maganin farko, sai malamin ya karɓi wayar ya ce in yi haƙuri, katinsa ya kusa ƙarewa.

Bana Kaluba tana tsaye a bakin ƙofa tun da wayar ta fara ƙara. Ta ce me suka ce. Na ce ta yi ƙiba. Ta ci gaba da tsayuwa har na faɗi sauran.

Washegari na je tasha na tambayi kuɗin mota zuwa Serenje. Zuwa da dawowa ya fi cefanen mako biyu, ban da tafiyar ƙafa daga bakin titi. Daga nan na wuce kasuwar gawayi, na samu ɗan kawun matata yana sauke kaya. Ya goge hannunsa a wando kafin ya gaishe ni. Ya ce hanyar ƙauyen ta jiƙe, ba za su sake shiga ba sai Afrilu.